Mai Cafke Keken Nore

A gidan Staf Geudens, a kan teburin kicin ake yanke yadda shekarar tsere za ta kasance, kuma ba a zama sai da kek ɗin shinkafa a tsakiya. Haka ake yi tun Nore tana ƙarama, lokacin da kekenta ya kusa fin ta nauyi. Staf zai sauko da kalandar da mahaucin gari ke rabawa, ya shimfiɗa, ya lashi bakin fensir, ya hau zagaye ranakun Lahadi. In Disamba ta ƙare sai ya juya bayan takardar ya ci gaba da Janairu. Matarsa Greet ta yanka kek, Nore ta ce to, taro ya tashi.

Bana kuwa sai da aka ƙara kujera. Nore ta sa hannu da wata babbar ƙungiyar tseren titi, ta zama ƙwararriya mai albashi, ƙungiyar kuma ta haɗa ta da koci, wata doguwar mace mai suna Annick wadda ita ma ta yi zamaninta a kan keke. Annick ta iso da la'asar a farkon Satumba, ta goge takalmi a bakin ƙofa, ta yaba kek tun ba ta ɗanɗana ba. Staf ya so ƙwarai ya ƙi ta, sai dai bai samu ta inda zai fara ba.

Shi Staf mai gyaran famfo ne, amma a wurin mutanen garinsu Heibroek wannan sana'ar gefe ce. Ainihin aikinsa yana filin tseren laka, a layin canjin keke, cikin takalmin roba har gwiwa. Duk sanda laka ta cika wa Nore keke har sarƙa ta fara kuka, sai ta shigo layin a guje, ta dire ta saki mai dattin, ta haye mai tsabtar da Greet ke riƙe da shi, ta wuce ba tsayawa. Mai dattin Staf ne ke cafke shi. Ya ruga da shi wurin injin feshi, ya wanke, ya ɗiga mai, ya dawo kafin ta zagayo. Yarinyar kuwa ba ta iya sakin keke a hankali ba, wurgo shi take yi kamar sun yi faɗa, don haka duk hunturu cinyar Staf ta dama ba ta rabuwa da tabo. Yana nuna wa mutane tabon nan ko ba su tambaya ba.

Annick ta buɗe kwamfutarta a gefen kalandar mahauci.

"Abin da muke nema yana watan Afrilu," in ji ta. "Babban tseren titin duwatsu. Nore tana da ƙafar hawan tuddan nan, na gani da idona. Amma tun Maris take tsere a titi bana, ba ta huta ba. Ga yadda nake so. Ta taɓa laka kaɗan a Oktoba da Nuwamba, don kada ta manta gida. Farkon Disamba ta jingine keke ta yi barci. Sannan ta bi sauran 'yan ƙungiya zuwa ƙasar Sifen, su yi dogon tuƙi cikin rana har bayan sabuwar shekara."

Staf ya dubi kalandarsa. Akwai ranar da ya zagaye da jan biro tun randa mahauci ya ba shi ita.

"Tseren Heibroek fa?"

"Wace rana ce kuma?"

Har Greet sai da ta ajiye wuƙa.

"Washegarin Kirsimeti," Staf ya ce a hankali, kamar mai biya wa yaro karatu. "Kamar kullum. A tashi daga bayan coci, a ratsa makiyayar shanu, a hau tudun yashi. A nan ta fara faɗuwa, a nan ta fara cin kofi. Bana ne karo na farko da za ta hau shi tana ƙwararriya, ke kuma kina cewa ta tafi Sifen ta sha rana kamar 'yar fansho?"

Annick ta yi dariya, dariyar gaske, abin da ya ƙara ɓata wa Staf rai.

"Ba ranar ce damuwata ba, Staf, ai tseren bai wuce awa guda ba. Damuwata 'yarka ce. Ba za ta je gaban mutanen garinsu ta bi bayan kowa ba, so za ta yi ta ci. In kuwa ci take so, dole ta yi ta tsere duk Disamba don ƙafar ta zauna da kaifinta. Hutu ya tafi ke nan. Kuma a Afrilu za ta ji a jikinta."

"Mu a zamaninmu..." Staf ya fara.

"A zamaninku ko tsere ɗaya ba ka taɓa gamawa ba," in ji Greet. "Ci kek."

Duk wannan muhawara Nore tana zaune tana tara ɓurɓushin kek da ɗan yatsa. Ta ɗago ta dubi Annick, ta dubi babanta, kuma a kan babanta idonta ya daɗe.

"Zan iya duka biyun," ta ce. "In yi laka har Heibroek, washegari in hau jirgi in same su."

Annick ta ce ƙafafun na Nore ne, ita shawara kawai take bayarwa, kuma ta taɓa ganin waɗanda suka haɗa biyun suka kwana lafiya. Sharaɗinta ɗaya ne: ranar da jiki ya ce a'a, a gaya mata, kada a ɓoye. Staf ya yi alkawari da hannu a ƙirji. Ya yanko mata kek na biyu, babba, irin na wanda ya ci nasara kuma yake son a ga yana da kara.

Gaskiyar da bai faɗa a teburin ba ita ce tsoro yake ji. Ya je tserenta na titi a wannan shekarar, ya ga yadda abin yake. Ƙungiyar tana da katuwar mota cike da kekuna, da makanikai samari masu riga iri ɗaya, kuma babu mai buƙatar mai gyaran famfo. Shi da Greet a bayan shinge suka tsaya kamar kowa, 'yarsu ta wuce fuu, suka koma gida. A laka ne kawai hannunsa ke da amfani. Duk Lahadin da aka goge daga kalanda, gani yake shi aka goge.

A daren Juma'a ya kai labari mashayar Fons, inda ƙungiyar magoya bayan Nore ke zama a ƙarƙashin tsohuwar rigarta da aka saka a gilashi. Fons ne mai wurin, shi ne shugaban ƙungiyar, shi ne kuma yake cikin masu shirya tseren Heibroek, mutum mai tumbi da gashin baki wanda bai hau keke ba tun aurensa amma ya san abin da kowane ɗan tsere ya yi ba daidai ba.

"Za ta hau," Staf ya ce tun daga bakin ƙofa.

"Kocin ta yarda?"

"Na yi mata bayani."

"Kai ka yi bayani?" in ji Fons. "Kai da ko famfon bayan gidana ka kasa yi mini bayanin abin da ke damunsa?"

"Famfonka ba shi da laifi, masu amfani da shi ne."

Aka kwashe da dariya, Fons ya zuba wa kowa giya. Kafin Oktoba ta ƙare an buga fosta mai ɗauke da fuskar Nore, laka har gira, an manna a tagar mahauci, da ta mai burodi, da ƙofar ɗakin taron coci. An ɗinka sababbin huluna masu sunanta. Matar Fons ta fara lissafin tukunyar miya nawa za ta ɗora. Staf ya riƙa bi ta gaban mai burodi ko ba ya buƙatar burodi.

Laka ta fara da kyau. Nore ta hau mumbarin masu nasara a Oktoba, ta sake kusantarsa a makon da ya biyo, cinyar Staf ta yi shuɗi yadda ya kamata. Sai Nuwamba ta shigo da ruwan sama marar ɗaukewa, sakamako ya fara ja da baya kaɗan-kaɗan, irin ja da bayan da kullum akwai abin ɗora wa laifi. Wannan makon taya ce. Wancan makon wata ce ta faɗi a gabanta. Staf ya fi kowa iya nemo dalili, har da waɗanda Nore ba ta sani ba.

A Lahadin ƙarshe ta watan suka je wani tsere a gefen kogi, inda lakar take kama ƙafa kamar ƙullun burodi. Staf ya tsaya a wurinsa, ya ware ƙafafu, ya ɗan juya cinyar dama gaba kamar yadda ya saba. Nore ta shigo layin canji. Ta dire, ta saki keke.

Keken bai iso shi ba. Ya ɗan gangaro, ya yi tangaɗi, ya kwanta a laka tun da sauran taku tsakaninsu. Staf ya sunkuya ya ɗauka. Ya ɗaga kai ya ga bayanta, tana hawa mai tsabtar a hankali kamar mai hawa matakala da kaya. A zagaye na gaba ma haka. A na bayansa kuwa miƙo masa ta yi a hannu, da ladabi, abin da bai taɓa gani ba tun da ta fara tsere.

Ta gama can a tsakiyar jama'a. A cikin motar kwanansu ta zauna da bargo a kafaɗa, laka ta bushe mata a kumatu, kofin miya yana hucewa a hannunta.

"Gobe zan warware," ta ce, ba wanda ya tambaye ta. "Sanyi ne kawai."

Staf ya fita ya tayar da injin feshi. Yana cikin wanke keken da ya riga ya wanke sai Greet ta fito ta tsaya a gefensa da hannu a aljihu.

"Ka gani dai," ta ce.

"Lakar ce ta yi nauyi yau."

"Lakar ta yi wa kowa nauyi. Staf, yarinyar nan ta ƙare. Da safe sai na tashe ta sau biyu, ita da take tashin gida. Kuma ba za ta gaya wa Annick ba, balle kai."

"Me zai hana ta gaya mini? Ni dodo ne?"

"Da dodo ne ai da sauƙi. Kai ne kake bi ta gaban mai burodi kana gyara hula. Tana ganinka."

Ransa ya ɓaci sosai, irin ɓacin ran wanda aka gaya wa abin da ya sani. Ya juya bakin injin ya hau fesa takalmansa, ya fesa tayar mota, ya fesa wani dutse da bai yi masa komai ba. Greet ta bar shi ya gama. Da ya kashe injin sai wurin ya yi tsit, ana jiyo kiɗa daga rumfar giya can nesa. Kunya ce ta kama shi, ga kuma tausayin 'yarsa.

Ya cire safar hannu ya shiga motar, ya zauna a kan akwatin kayan gyara yana fuskantar ta.

"Sha miyar nan," ya ce. "Sannan ki kira Annick ki ce mata kin ajiye keke daga yau. In lokacin Sifen ya yi ki bi su."

Nore ta dube shi kamar ya yi wani yare.

"Heibroek fa, Baba?"

"Heibroek yana nan. Tun kafin a haife ki yake bayan cocin nan, ba inda za shi."

"An buga fosta. An ɗinka huluna. Fons zai mutu."

"Fons ya daɗe yana alkawarin mutuwa, bai taɓa cikawa ba."

Ta yi 'yar dariya, dariyar ta tsaya a hanya, idonta ya kawo ruwa.

"Na san abin da ranar nan take a wurinka," ta ce. "Saura 'yan makonni ne. Zan iya lallaɓawa."

"Na san za ki iya lallaɓawa, shi ne abin da ba na so. Yau miƙo mini keke kika yi, Nore. A hannu. Kamar mai ba ni aron laima." Ya shafa cinyarsa. "Dubi nan, ko ɗigon shuɗi babu. Da wane ido zan shiga mashayar Fons?"

Wannan karon dariyar ta fito duka, tare da hawayen, ta jingina goshinta mai laka a kafaɗarsa. Ya bar ta a haka har miyar ta gama hucewa. Greet ta shigo ta karɓi kofin ta mayar kan wuta, ba ta ce wa kowa ai na faɗa ba, wanda a tarihin aurensu wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Annick ma da aka kira ta ba ta yi gori ba. Ta ce ta ga alamun a lissafin bugun zuciyar Nore da ke zuwa mata, tana shirin magana ke nan, amma ta fi jin daɗi da maganar ta fito daga gida.

Saura Fons. Nore ta ce ita za ta je ta faɗa, Staf ya ce wanda ya kai labarin farko shi zai kai na biyu. Ya zaɓi Laraba da rana don ya samu wurin ba kowa, ya tarar da rabin ƙungiyar magoya bayan suna zaune suna gwada huluna.

"Ba za ta hau ba," ya ce, nan ma daga bakin ƙofa, don ya bar wa kansa hanya.

Fons ya ajiye tsumman da yake goge kofi da shi.

"Kocin ce ko? Na san za a yi haka. Mutanen titi ba sa ƙaunar laka, takalminsu fari ne."

"Ba kocin ba ce. Ni ne."

"Kai?"

"Ni na ce ta tafi. Ta gaji, Fons. In ta hau Heibroek za ta yi ta mutuwa a kan tudun yashin nan don kada mu ji kunya, mu kuma muna tafi da miya a hannu. Sannan Afrilu ta zo ba ta da komai a ƙafa. Ni na jawo abin tun farko, da bakina."

"To ai mun sani, kai ka yi bayani," wani ya ce daga lungu, amma ba wanda ya yi dariya sosai.

Fons ya yi faɗa yadda ya kamata shugaba ya yi. Ya ambaci fosta, ya ambaci huluna, ya ambaci tukwanen matarsa ɗaya bayan ɗaya. Ya ce shi yanzu ina zai sa fuskarsa a gaban sauran masu shirya tsere. Staf ya tsaya ya sha duka, hularsa a hannu. Da numfashin Fons ya ƙare sai ya tsaya yana kallon tsohuwar rigar da ke cikin gilashi, 'yar ƙarama, wadda yanzu ko hannun Nore ɗaya ba zai shiga ba.

"Wai tseren Afrilun nan," ya ce da ƙyar, "da gaske tana da dama?"

"Annick ta ce tana da ƙafar."

"Annick ta ce." Fons ya ja tsaki ya ɗauki kofi ya cika ya tura wa Staf. "To a nemo mana bas mu je tseren. Hulunan ai ba a rubuta musu kwanan wata ba. Kai kuma gobe ka zo ka duba famfon nan, kyauta, tunda ka iya ɓata wa mutane shiri."

Washegarin Kirsimeti aka yi tseren Heibroek ba Nore. Fostar tana nan a tagogi, an dai manna wata 'yar takarda a ƙasa mai cewa tana gaishe ku daga Sifen. Miya ta ƙare tas. Staf ya taya kafa turaku da safe, sannan ya tsaya a bayan igiya da hannu a aljihu, yana kallon wasu iyayen suna cafke kekunan 'ya'yansu ba yadda ya kamata ba. Ranar ta yi masa tsawo, ba kuwa zai ce ba ta yi masa ciwo ba. Da yamma Nore ta turo hoto, tana zaune a kan katanga cikin rana, kumatunta sun ciko. Ya nuna wa duk wanda ya tsaya kusa da shi, har da limamin coci.

A tsakiyar Maris Annick ta kira shi yana ƙarƙashin wani kwamin wanke-wanke.

"Staf, ina neman hannu. A tuddan duwatsun nan hanya ta yi ƙunci, motarmu ba ta iya bin 'yan tsere kusa. Muna ajiye mutum a kowane tudu da ƙafafun keke a hannu, ko wata za ta yi faci. Makanikaina ba su isa ba. Za ka riƙe mana tudu ɗaya?"

Staf ya miƙe da sauri har ya buga kai da bututu.

"Sai na duba ko ina da lokaci," ya ce.

"Duba kalandar mahauci ka gaya mini."

Ranar tseren bas ɗin Fons ya sauke su tun hantsi a gindin wani tudu mai duwatsu baƙaƙe masu santsi, tsakanin gonaki biyu. Jama'a sun cika gefen hanya, warin soyayyen dankali da giya ya gauraye iska. An ba Staf rigar ƙungiyar Nore, ta matse shi a ciki, bai damu ba. Ya zaɓi wuri a sama inda tudun ya fi tsauri, ya duba iskar tayoyin nan har Greet ta ce zai ƙarar da ita da yatsa. Fons yana bayansu da rediyo a kunne yana ba da labari, rabi daga rediyon rabi daga kansa.

Sai jirgin ɗaukar hoto ya bayyana a saman bishiyoyi, babura suka fara wucewa, ihu ya taso daga ƙasa yana hawowa. Staf ya ɗaga ƙafafun keken sama da kansa, ɗaya a kowane hannu, yadda duk mai buƙata za ta hango shi daga nesa.

"Tana gaba," in ji Fons. "Staf, tana cikin na gaba."

Ga su nan kuwa, 'yan kaɗan, kekuna na karkarwa a kan duwatsu. Nore ce ta biyu. Bakinta a buɗe, haɓarta kusa da kan keke, tana taka feda kamar tana bin wanda ya yi mata sata. Ta zo daf da shi har yana jin numfashinta. Idonta yana kan tayar da ke gabanta. Ta wuce, ta sha kwanar sama, ta ɓace.

Staf bai sauke hannu ba sai da 'yar ƙungiyarsu ta ƙarshe ta wuce, can bayan kowa. Kafaɗunsa suna zogi. 'Yan Heibroek sun riga sun ruga rumfar da aka kafa talabijin, hulunansu na tsalle a cikin taro. Greet kaɗai ta tsaya, tana goge ido da bayan hannu.

"Ta gan ka kuwa?" ta tambaya.

"Ko kallo."

"Haba. Ga ka da riga, ga ka a gaba, hannu a sama tun ɗazu."

Staf ya jingine ƙafafun keken a gwiwarsa. Wani daɗi ne ya cika masa ƙirji, mai nauyi, har da ɗan zafi a ciki, kuma bai yi ƙoƙarin ɓoye shi ba.

"Wadda taya ta fashe wa ce take neman fuskata, Greet," ya ce. "Tamu ba ta neme ni ba."